Tausar shafa a hankali: ta min maganin bacci, kafaɗa kam tana nan

Masu tambayata kan tausar nan da ake shafa fata kawai ba a danna nama, bari in faɗa muku yadda na ganta tunda na ɗan jima ina zuwa. Ni dai ƙafafuna ne suka kai ni, aikina na zama ne gaban kwamfuta, kafin yamma idon sawuna ya ɗan tasa takalmi ya fara matse ni, ga bacci sai na yi ta juyi kafin ya zo.

In kin saba da tausar da ake murza ki har ki ce wayyo, wannan gani za ki yi kamar wasa ake da ke. Matar da ke min tausar ko man shafawa bata sa min ba, tafin hannu take ɗorawa ta ɗan ja fatar ta saki, ta ja ta saki, kuma ba daga ƙafar ta fara ba, daga gindin wuya ta fara, ta zo ciki tana sa ni jan dogon numfashi, sai matsematsi, sannan cinya, idon sawun da na kawo ƙararsa shi ne na ƙarshe. Na ce mata baiwar Allah ƙafa fa na ce, ta yi dariya ta ce ruwan da ke taruwa ya kumbura jiki wasu siraran hanyoyi yake bi dab da fata, ya ratsa ta kaluluwar matsematsi da hammata da wuya, ƙarshe ya zube cikin jini a gindin wuya, to sai an buɗe gaba kafin a koro na baya. Shi ruwan ba shi da famfo irin zuciya, motsin tsoka da numfashi ne ke tura shi, in aka danna da ƙarfi kuma hanyoyin matsewa suke yi, shi yasa hannun yake da sauƙi haka. Ashe ma salon ba sabo bane, wani mutumin Denmark Emil Vodder da matarsa Estrid ne suka fito da shi, suka gabatar a Paris a 1936.

Inda ta burge ni shi ne natsuwa. Ana cikin yi sai in ji numfashina ya sauka, cikina na ta ƙugi, ido ya yi nauyi, daren kuma bacci nake har asuba. Wannan ba ruɗu bane, akwai jijiyoyi a fata da suka fi amsa shafa mai tafiyar santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, in ta yi sauri da yawa daɗin raguwa yake. Ƙafar ma tana sacewa, sai dai fa in na koma zaman kujera kumburin dawowa yake, ba wai an rabu ba kenan.

Abin da bata min ba: ƙullin nan na kafaɗa ko gezau, wannan sai tausa mai shiga nama. Sannan tallan da ake yi wai tana fitar da guba tana narkar da tumbi, ni ban yarda ba sam, aikin tace guba na hanta da ƙoda ne, kuma ruwa ne ke matsawa ba kitse ba.

Na ji daɗin tambayoyin da matar ta min kafin ta taɓa ni, ko ina zazzaɓi, ko ina da ciwon zuciya ko ƙoda, ko jini ya taɓa daskare min a jijiyar ƙafa, ta ce masu irin wannan sai da izinin likita. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi tana ciwo, don Allah asibiti za ki nufa ba wajen tausa ba. Waɗanda aka cire musu kaluluwa a aikin kansar mama hannu ya kumbura su ma ana musu, amma wajen wadda ta karanci abin, haɗe da naɗi ko safar matsi.

Zan ci gaba da zuwa jefi-jefi saboda baccin, kafaɗar kuma zan nemo mata mai ƙarfin hannu.