Balami, Uda ko 'Yankasa: Wacce Za Ka Sa a Garkenka a Jos?

Mai ɗan fili a bayan gida da ke son kiwon tumaki na jini ɗaya, ba gauraye ba, zaɓinsa a Arewa bai wuce uku ba: Balami, Uda da 'Yankasa. Tun yanzu in faɗa, ni ɗan Balami ne.

'Yankasa ta fi kowacce yawa a ƙasar nan, ga juriya, ba ta zaɓen abinci, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ma ta daɗe tana aiki a kanta. Amma ranar kasuwa kuɗinta ba ya ɗaga kai. Uda kuwa, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, dabbar tafiya ce ta makiyaya, a ganina turke ba ya yi mata.

Balami daban take. Asalinta ƙasar Borno da yankin tafkin Chadi, kuma ita ce mafi girma a tumakin Najeriya. Fara ce tas, ga dogayen ƙafafu, ga kunnuwa masu faɗi a zube, ga doron hanci a tanƙware, wutsiya kuma siririya doguwa. Idan ragonta ya samu harawar wake, dusa da ƙowa, girman da zai yi cikin wata shida sai ka gani da idonka, kuma ana gab da Babbar Sallah ba kai za ka nemi mai saye ba. Aibinta ɗaya a nan: dabbar ƙasar zafi ce mai rairayi, mu kuma muna kan tsauni, sama da mita 1,200, ga ruwan Agusta da ba ya ɗaukewa. Idan ka bar ta a caɓi kofato zai ruɓe, idan iskar hunturu ta same ta da dare sai mura da tari. Ka yi mata ɗaki mai rufi, ka ɗaga daɓensa, ka toshe ɓangaren da iska ke shigowa. Allurar rigakafin PPR kuwa, wato annobar nan mai kashe tumaki da awaki, ba mu da uzuri a kanta, tunda a Vom ake yin ta, nan kusa da mu. Maganin tsutsa farkon damina da ƙarshenta.

Sai dai duk wannan wahalar banza ce idan abin da ka sayo ba Balami ba ne.

Ragona na farko wani dillali ne ya haɗa ni da shi, yana ta "Alhaji, wallahi jiya aka sauke shi daga Potiskum." An wanke shi da sabulu da bula yana sheƙi, ciki ya yi tim. Kwana biyu a gida cikin ya sace, ashe dusa da gishiri aka ɗura masa ya yi ta shan ruwa. Bayan wasu makonni sai ga gashi yana tsirowa a wuyansa har ƙirji. Ragon Balami ba ya geza, na 'Yankasa ne ke da ita, wato aske masa aka yi. Duk da haka na ƙi yarda, na bar shi ya yi barbara. Wata biyar cif tunkiyata ta haifo ɗa da baƙin tabo zagaye da ido kamar an zizara masa kwalli, alamar 'Yankasa ke nan. Ruwa biyu na saya da kuɗin na asali.

Don haka ka shafa wuyan rago daga ƙasa zuwa sama, gashin da aka aske tsini yake yi a tafin hannu. Ka duba bakin kunne, gefen ido da saman kofato ko akwai ɗigon baƙi. Ka dafa gadon baya ka ji nama, ka manta da tumbi. Ka buɗe baki: manyan haƙora biyu a ƙasa na nufin ya ɗan haura shekara, wanda haƙoransa suka cinye kuwa tsoho ne ko me dillali ya rantse da shi. Tunkiya babba mai ƙiba da aka karya mata farashi, ka tambayi kanka me ya sa mai ita ya rabu da ita, sau da yawa juya ce.

Ni yanzu ba na sayen na iri a kara. Gidan mai kiwon nake zuwa da sassafe kafin a ba su abinci, in ga uwar, in ga uban, in ga 'yan uwansa na bara. Wanda na ɗauko kuma sai ya yi sati uku a turkensa shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran.