Lacca ko sa ɗalibi aiki? Amsa ga Malama mai ajin dare a Amurka

Malama, kin ce kin samu aikin koyar da lissafi a wata kwalejin al'umma a Amurka, ajin dare, kuma shugaban sashenku na son a riƙa sa ɗalibai aiki a cikin aji maimakon malami ya yi ta magana shi kaɗai. Ke kuwa kin tashi ne a tsarin da malami zai tsaya gaban allo ya zuba bayani, kowa ya duƙufa yana kwafa. Kina tambayar wanne ya fi. Bari in jera miki su gefe da gefe.

Amma ki fara duba waɗanda ke zaune a gabanki. Kwalejojin nan na shekara biyu, waɗanda ake danganta farkonsu da ta garin Joliet da aka buɗe a 1901, ƙofarsu a buɗe take ga kusan duk wanda ya gama sakandare. Mafi yawan ɗalibansu ba cikakken lokaci suke karatu ba, kuma yawancinsu suna aiki. A ajinki za ki ga mai aikin kula da tsofaffi da ta taho kai tsaye daga aiki da rigar aikin a jikinta, ga direban babbar mota, ga uwar da wayarta ke gefen littafi saboda ta bar yara wajen maƙwabciya. Akasarin kwalejojin ba su da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ana tashi kowa ya kama gabansa. Awa biyu ko ukun nan na ajinki su ne kusan duk abin da kwalejin ke samu daga mutumin nan a mako, don haka abin da aka yi da su ba ƙaramin al'amari ba ne.

Lacca tana da nata alherin, kada kowa ya raina miki ita. Tana da sauri, ana gama manhaja da ita a kan lokaci, kuma malamin da ya iya bakinsa zai warware abu mai sarƙaƙiya cikin minti goma har ɗalibi ya ji kansa ya washe. Shiri ɗaya zai yi miki shekaru. Ga malaman wucin gadi, waɗanda su ne mafi yawan masu koyarwa a kwalejojin nan, wasu ma na zirga-zirga tsakanin kwaleji biyu ko uku don albashin ya isa, wannan sauƙin ba abin wasa ba ne. Illarta ɗaya ce, amma babba: ba kya sanin wanda ya ɓata a hanya. Kin tambaya "an gane?", an gyaɗa kai, kin wuce. Sai ranar jarrabawa asiri ya tonu, a lokacin kuma mai aikin kula da tsofaffin nan ta riga ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ba ta da kan lissafi, ta daina zuwa.

Ɗaya tsarin kuwa, ga yadda yake idan an yi shi da kyau. A ce darasin yau na daidaita adadi ne, kuma rabin ajin masu neman shiga karatun jinya ne. Kin yi bayani na minti goma, kin warware misali ɗaya a allo daki-daki. Sai ki rubuta tambaya: likita ya ce a ba mara lafiya miligiram 250 na magani, kwalbar kuma ta ce akwai miligiram 125 a cikin kowane mililita 5, mililita nawa za a ba shi? Ki ba da zaɓi huɗu, kowa ya yi shi kaɗai, ya ɗaga kati mai nuna zaɓinsa. Za ki ga wasu sun ce 10, wanda shi ne daidai, wasu sun ce 2, wasu 2.5. Kada ki faɗi amsa. Ki ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda suka saɓa, ya gamsar da shi. Ki zaga kina saurare. A nan za ki ji da kunnenki cewa mai 2 ya raba 250 da 125 ya tsaya, ya manta da biyar ɗin, mai 2.5 kuma ya kifa lissafin ne gaba ɗaya. Bayan minti uku a sake ɗaga kati. Wannan salon Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, ya yaɗa shi tun farkon shekarun 1990. Abin da nake so ki lura da shi: kuskuren da a lacca sai bayan wata guda za ki gano shi, a nan kin kama shi da ɗuminsa.

Ba baƙon abu ba ne ma a wajenmu. A makarantar allo kowane yaro na kan nasa karatun, shi ke biyawa da bakinsa, malam na sauraro yana gyara, kuma ba a wanke allo a ƙara masa sai ya riƙe na jiya.

Ra'ayin sa ɗalibi aiki ya samu murya mai ƙarfi daga cikin kwalejojin al'ummar. A 1995 Robert Barr da John Tagg na Kwalejin Palomar da ke Kalifoniya suka rubuta wata maƙala da ta yi tashe, suna cewa kwaleji ta daina auna kanta da yawan darussan da ta gabatar, ta koma auna abin da ɗalibi ya koya. Daga 2001 kuma Jami'ar Texas da ke Austin ta fara wani bincike na ƙasa baki ɗaya da ke tambayar ɗaliban kwalejojin kansu: kana yin tambaya a aji? Kana aiki da abokan karatu? Kana magana da malami? Mai yiwuwa daga irin wannan sakamakon shugaban sashenku ya ɗauko maganarsa.

Hujja ta fi ƙarfi a ɓangaren sa ɗalibi aiki, wannan ba na ɓoye miki. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa na Jami'ar Washington sun tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi. A ajujuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin ɗari suka faɗi, a ajujuwan da ake sa ɗalibai aiki kuwa kusan kashi 22. Ki ɗauki aji mai mutum 30, bambancin ya kai mutum uku zuwa huɗu a kowane zango. Ga wanda ke biyan kuɗin makaranta daga albashin awa-awa, faɗuwa ɗaya kan zama sallama da karatun ke nan.

Sai dai ki shirya wa ƙorafi. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa sun gwada tsarin biyu a ajin fiziks a Harvard. Waɗanda aka sa aiki sun fi cin gwajin da aka yi bayan darasi, amma da aka tambaye su, sai suka ce sun fi ƙaruwa da laccar. Bayani mai santsi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, fafutuka da tambaya kuma tana nuna masa inda bai iya ba, wannan kuwa ba daɗi. Wanda ya wuni a tsaye yana aiki zai iya ce miki shi kuɗi ya biya a koya masa, bai zo yin hira da maƙwabci ba. Yana da gaskiyarsa. Ki gaya musu tun ranar farko dalilin da ya sa kike yin haka, har ma ki ba su labarin wannan gwajin.

Inda tsarin ke lalacewa shi ne idan malami ya ɗauka ma'anarsa ita ce a raba ɗalibai rukuni-rukuni, a miƙa musu takarda, shi ya koma kujera. Wannan ya fi mummunar lacca muni, kuma yana ɓata min rai idan na ji ana kiransa sabon salo. Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi kashedi a kan haka a 2006: sabon shiga a fanni yana buƙatar jagora na kusa da misalan da aka warware masa, ba a sake shi ya lalubo ƙa'ida da kansa. Wanda rabonsa da aljabara shekara goma sha biyar, idan kin ce ya gano da kansa, kunya kawai za ki ba shi a gaban mutane. Aikin kuma ya fi na lacca nauyi a kanki, domin tsara tambaya ɗaya mai tono kuskure kan ci lokaci fiye da rubuta shafi biyu na bayani.

Akwai kuma abin da babu salon koyarwar da zai magance, wato matsalolin ɗalibi na wajen aji. Shirin ASAP na Jami'ar Birnin New York, da aka fara a 2007, ya haɗa wa ɗaliban kwalejojin al'umma kuɗin mota, littattafai da mai ba da shawara na kusa, sai masu kammalawa cikin shekara uku suka kai kashi 40, alhali waɗanda ba sa cikin shirin kashi 22. Idan ɗaliba ta ɓace miki mako biyu, ki aika mata saƙo kafin ki zargi darasinki ko ki zarge ta.

Don haka ni na zaɓi sa ɗalibi aiki, amma da linzami a hannunki. Kada ki rushe komai a zango ɗaya. Ki riƙe bayaninki, ki yanka shi gunduwa-gunduwa na minti goma zuwa sha biyar, tsakanin kowane biyu ki sa tambaya irin ta maganin nan. Ki haddace sunayensu a makon farko. Idan kin yi tambaya ki yi shiru: Mary Budd Rowe ta gano tun shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal, kuma jiran daƙiƙa uku zuwa sama na ƙara yawan masu amsawa da tsawon amsarsu. Minti biyu kafin a tashi, kowa ya rubuta a 'yar takarda abin da har yanzu bai gane ba, ba sai ya sa suna ba. Da waɗannan takardun za ki buɗe darasi na gaba.