Wane Ma'auni Ya Dace a Ɗauka Wajen Rarraba Daulolin Taurari?

Marubucin ƙagaggen labarin kimiyya, ko mai tsara wasan da ake bugawa a kan taswirar sararin samaniya, ba ya daɗewa sai ya tarar ƙasashe sun yi masa yawa a hannu: ga daular da ta mamaye ɗaruruwan taurari, ga ƙawancen duniyoyi biyar, ga kuma wata tasha guda da take iƙirarin cin gashin kanta. Dole ne a jera su ta yadda mai karatu zai san wa ke iya razana wa. Akwai ma'aunai da dama da aka riga aka tanada, kowanne da abin da yake bayarwa da kuma irin wahalar da yake ɗora wa mai amfani da shi, kuma gara a auna su tun kafin a zana taswira, domin sauya ma'auni bayan labari ya yi nisa yakan rushe yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyin da aka riga aka gina.

Mafi sauƙi shi ne ƙidayar yanki. Injiniya Robert Zubrin ya kawo irin wannan tsari a 1999, inda ya kasa al'ummomi gida uku: wadda ta mallaki duniyarta, wadda ta bazu a duniyoyin da ke kewaya ranarta, da wadda ta watsu a gungun taurari baki ɗaya. Mai karatu yana ganewa nan take, kuma ba a buƙatar lissafi. Sai dai yawan taurari yana da ruɗi. Gungun da ranarmu take ciki yana ɗauke da taurari tsakanin biliyan 100 da biliyan 400, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu ƙanana ne jajaye masu raunin haske, saboda haka daular da take alfahari da taurari 1,000 tana iya zama taron tsintsiya babu shara, wadda duniya guda mai yawan jama'a da masana'antu za ta fi ta ƙarfi. Wannan ma'auni ya ishi gajeren labarin da daula take can nesa ana ambatonta kawai.

Wanda ya fi shahara shi ne na masanin taurari na Tarayyar Sobiyet, Nikolai Kardashev, wanda ya fito da shi a 1964. Shi da makamashi yake aunawa: mataki na ɗaya al'umma ce mai sarrafa makamashi a matakin duniya guda, na biyu mai cin moriyar dukkan abin da tauraronta yake fitarwa, na uku kuma mai sarrafa na gungun taurari gaba ɗaya. Ranarmu tana fitar da wat kusan 4 mai sifili 26 a bayansa, kuma irin ginin da masanin kimiyya Freeman Dyson ya yi hasashe a 1960, na kewaye tauraro da na'urori masu tattara haskensa, shi ne misalin mataki na biyu. Daga baya masanin taurari Carl Sagan ya rarraba tsakanin matakan da lambobi masu ɗigo, ya sa ɗan Adam a wajen 0.7. Kyawun wannan ma'auni shi ne ba ya ƙarya game da iyakar iko, domin kumbo da makami da masana'anta duk makamashi suke ci, kuma wanda ba shi da shi ba zai iya ba, komai kaifin dabararsa.

Aibinsa kuwa faɗin matakai ne. A tsarin Sagan, tsakanin mataki da mataki ninki biliyan 10 ne, kuma bambancin 0.1 kaɗai yana nufin ninki goma. Ke nan ƙasa mai 1.4 da mai 1.6, waɗanda a takarda suke kamar tsara, a fagen fama ɗaya ta ninka ɗaya sau 100. Kusan duk ƙasashen da marubuci zai so su yi gogayya za su cunkushe tsakanin 1 da 2, kuma ma'aunin ba ya cewa komai a kan wanda yake mulki ko yadda ake yi masa biyayya. Ba a ƙirƙire shi don siyasa ba tun farko. Kardashev yana neman sanin irin saƙon rediyon da za a iya jiyowa daga nesa ne. A ganina amfaninsa shi ne ya zama rufi, wato a rubuta lambar kowace ƙasa a gefe don kada labari ya ba ta abin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma ma'aunin masanin kimiyya John Barrow na 1998, wanda yake auna iya sarrafa ƙananan abubuwa, daga ƙwayoyin gado har zuwa cikin ƙwayar zarra. Yana taimakawa idan ana son ƙaramar ƙasa mai ilimin da ya wuce girmanta, amma bai isa ya tsaya shi kaɗai ba.

Mai son cikakken bayani sai ya dubi tsarin wasan Traveller, wanda Marc Miller ya tsara aka fitar a 1977. A can kowace duniya tana da layi guda na haruffa da lambobi da ke nuna darajar tashar kumbonta, girmanta, iskarta, ruwanta, yawan jama'a, irin gwamnati, tsananin doka da matakin fasaha. Lambar jama'a adadin sifili ce, don haka 9 tana nufin biliyoyi, 3 kuma dubbai. Wanda ya ƙware yana kallon layin sau ɗaya ya san ko wurin zai iya gina jirgin yaƙi ko kuwa sai ya saya. Kuɗin da ake biya a nan lokaci ne, tunda duniya ɗaya-ɗaya ake cikewa, kuma ƙarfin daula sai an tattara na duniyoyinta kafin ya bayyana. Ga mai gudanar da wasa na tsawon watanni wannan wahala tana biyan kanta. Ga marubucin littafi guda, yawancin lambobin ba za su taɓa shiga shafi ba.

Sai ma'aunin siyasa, wanda aka aro daga tarihin duniyarmu. Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 ta ce ƙasa sai da abubuwa huɗu: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da wasu ƙasashe. Wannan yana raba gardama a kan tashar haƙar ma'adinai ko ayarin jiragen da ba su da matsuguni, ko ƙasa ce ko kamfani ko 'yan fashi. Daga nan ake hawa zuwa darajoji: manyan dauloli irin biyar da suka yi rinjaye a Turai bayan taron Biyana na 1815, matsakaitan ƙasashe, ƙasashen da ke ƙarƙashin kariyar wata, 'yan amshin shata, da ƙasar shamaki da manya biyu suka bari a tsakaninsu don kada iyakokinsu su haɗu. Babu ma'aunin da ya kai wannan yi wa ƙananan ƙasashe adalci. Panama ba ta da yawan jama'a, amma mashigin ruwan da aka buɗe a 1914 ya sa manya ba sa iya kau da kai daga gare ta, kuma haka tasha ɗaya da ke zaune a kan hanya tilo tsakanin yankuna biyu na taurari za ta kasance. Rauninsa shi ne yana ɗauka cewa jakadu da saƙonni suna kaiwa da komowa a kan kari, abin da sararin samaniya bai yi alkawari ba.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga ma'auni na ƙarshe, wato tsawon lokacin da umarni yake ɗauka daga fadar mulki zuwa iyaka, da lokacin da rundunar da za ta tilasta shi take ɗauka. Tarihi ya nuna nauyin abin: an sa hannu a yarjejeniyar sulhu tsakanin Amurka da Birtaniya ranar 24 ga Disamba 1814, amma aka gwabza yaƙin New Orleans ranar 8 ga Janairu 1815 saboda labarin bai ƙetare teku ba. A samaniya lamarin ya fi muni. Saƙon rediyo zuwa duniyar Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, wanda gwamnati za ta iya jurewa, amma zuwa tauraro mafi kusa bayan ranarmu, Proxima Centauri, shekara 4.2 ne, amsa kuma ba za ta dawo ba sai bayan fiye da shekara takwas. Faɗin gungunmu kuwa tafiyar haske ce ta kusan shekara 100,000. Idan labari bai yarda da gudun da ya wuce na haske ba, daula mai cibiya guda ba za ta yiwu ba ko kaɗan. Abin da za a samu shi ne al'ummomi masu tushe ɗaya da kowacce take gashin kanta.

Idan kuma an yarda da irin wannan gudu, to lamba ɗaya ce take yanke komai, kuma marubuci ne yake zaɓenta. A ce jirgi yana cin tafiyar haske ta shekara 13 a mako guda, kuma babu saƙon da ya fi jirgi sauri. Iyakar da ke nesa da shekarar haske 325 tana buƙatar mako 25, zuwa da dawowa kusan shekara. Gwamnan da ke can ba zai jira izini kafin ya tari abokan gaba ba, kuma gwamnan da yake yaƙi ba da izini ba sarki ne a aikace, ko da yana aika haraji. Da wannan za a iya jera ƙasashe haka: wadda umarni yake game ta cikin kwanaki dunƙulalliyar ƙasa ce, wadda yake ɗaukar watanni daula ce ta gwamnoni masu faɗa a ji, wadda yake ɗaukar shekaru tarayya ce da suna, wadda tuta da kuɗi da tarihi kawai suka haɗa. A nan ne ƙaramar ƙasa take samun galabarta ta gaskiya, domin duk jiragenta suna iya haɗuwa a wuri ɗaya cikin mako, alhali na babbar daula suna warwatse a iyakoki goma da ba ta isa ta bar ko ɗaya babu tsaro ba.

Wanda labarinsa na diflomasiyya da cin amana ne ya haɗa wannan da ma'aunin siyasa. Wanda nasa na haɗuwa da halittun da suka yi wa ɗan Adam fintinkau ne, Kardashev ya ishe shi. Kafin a tsayar da kowanne, a ɗauki ƙasa mafi ƙanƙanta a taswirar a tambayi dalilin da ya hana maƙwabciyarta babba haɗiye ta. Idan ma'aunin da aka zaɓa ya kasa ba da amsa da lambobinsa ko darajojinsa, sai a ƙara masa na lokacin tafiya kafin a ci gaba da rubutu.