Phoenix ko keke mai giya: wanne ya fi?

Tun da na ce wa abokai a Marwa ina son cika kilomita 3,000 a bana, wato kusan 60 kowane mako, ba na rasa mai tambayata: Malam, in gyara tsohon Phoenix ɗina ne, ko in sayi mai giya na gwanjo?

Wajen kuɗi, Phoenix ya fi sauƙi. Sarƙa, birki, feda, duk za ka same su a wurin kowane mai faci, har a ƙauye. Da sifana biyu da famfo ka gama gyara a tsakar gida. Mai giya kuwa ɗan lele ne. Ƙurar hunturu da yashi suna manne wa sarƙa, su cinye haƙoran giya a hankali. Sai ka riƙa wanke ta da kananzir, ka ɗiga mai kaɗan, ka goge. Wanda ya malala mata baƙin mai ya gayyato yashi da kansa. In na'urar sauya giya ta lanƙwashe, samun ta gaske ta kamfanin kayan keke na Shimano sai an yi yawo.

To amma ka doshi Mokolo, wajen kilomita 80 daga Marwa, a duwatsun Mandara. A nan nauyin Phoenix zai sa ka sauka ka tura, mai giya ya wuce ka yana murmushi.

Ƙayar tsidau dai ba ta bar kowa ba.

Mai zuwa kasuwa da gona, mai ɗauko buhu a baya, Phoenix ya ishe shi. Mai ƙirga kilomita da son hawan tudu, wanda ba ya ƙyashin wanke sarƙa duk mako, ya nemi mai giya.