Tabarau na Masunaga: Aikin Hannun Japan a Fuskar Mutumin Gombe

Duk wanda larurar ido ta sa yake wuni da tabarau a fuska ya san cewa firam ɗin da ke riƙe gilashin ba ƙaramin abu ba ne. Irin wanda ya fi yawa a kasuwanninmu na Gombe yana da araha, amma kafin shekara ta zagayo sai ka ga kusa ta kwance, fenti ya ɓare, ko kuma hannu ɗaya ya buɗe har tabarau yana zamowa idan mutum ya yi sujada. Wannan ne ya sa na ba wani ɗan uwana mai fatauci saƙon firam na kamfanin Masunaga na ƙasar Japan, sannan aka sa mini gilashin da likita ya rubuta a nan gida.

Kamfanin ya samo asali ne a 1905 a lardin Fukui, inda dusar ƙanƙara takan hana manoma aiki tsawon hunturu. Gozaemon Masunaga ya gayyato ƙwararru daga Osaka da Tokyo su koya wa mutanen yankinsa ƙera tabarau, wato matsalar da manomanmu suke magancewa da tafiya ci-rani, shi ya magance ta ba tare da kowa ya bar gida ba. Sana'ar ta kafu har ta kai yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na firam ɗin da ake yi a Japan daga Fukui yake fitowa, musamman garin Sabae, kuma a can ne aka yi fice wajen sarrafa ƙarfen titaniyam ya zama firam tun farkon shekarun 1980.

Nawa na asitet ne, wani abu mai kama da roba da ake samarwa daga auduga ko ɓargon itace. Ba narka shi ake yi a zuba a mazubi ba, yanka shi ake yi daga falle mai kauri, don haka launin ya ratsa har cikinsa, babu fentin da zai ɓare. Bayan yanka, akan zuba shi a ganga mai juyawa tare da gutsattsarin itace na kwanaki, daga nan ma'aikaci ya goge shi da hannu, kuma kamfanin ya ce firam ɗaya yakan bi matakai kusan 200. Idan ka bi gefensa da ɗan yatsa ba za ka ji kaifi ko layin haɗi ba, har a can bayan kunne inda ido ba ya kaiwa, kuma a ganina wannan wurin ne yake nuna ko ma'aikaci ya ɗauki aikinsa da daraja. Idan ka ɗaga hannun tabarau ɗin a haske za ka hango siririyar waya ta ƙarfe a cikinsa. Mai sa gilashin ya ɗumama hannun da iska mai zafi, ya lanƙwasa shi daidai kunnena, sannan ya ce, "Yallaɓai, wannan ko ya saki gyara shi ake yi, ba a jefarwa." Tun daga ranar bai sake zamowa ba.

Sai dai yanayinmu yana buƙatar kula. Asitet yakan yi laushi da zafi, saboda haka barin sa a gaban mota a ranar Maris ko Afrilu ganganci ne, gumi kuma idan ya daɗe a kansa yakan dusashe ƙyallinsa. Da hunturu, wajibi ne a ɗauraye ƙura da ruwa kafin a goge, domin ƙurar ce take karce gilashi.

Kuɗinsa kuwa ɗaruruwan daloli ne, wanda a canjin naira na yanzu nauyi ne babba. Ga wanda yake sa tabarau don ado jefi-jefi, ban ga dalilin wannan ɗawainiya ba, haka kuma wanda kuɗinsa bai kai ba ya fara da gwajin ido da gilashi mai kyau. Amma malami ko ma'aikacin ofis ko tela da idonsa yake kan aiki daga safe zuwa dare, kuma yana da hali, ina ba shi shawarar ya saya. Idan saƙo zai bayar, ya duba lambobi uku da ke cikin hannun tsohon tabarau ɗinsa, waɗanda ke nuna faɗin gilashi da faɗin karan hanci da tsawon hannu a milimita, ya aika da su, kuma ya nace a sayo daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, tunda jabun kaya masu suna sun yi yawa.