Bairos ɗin ciwon hanta B da na C: wa ya riga wa zuwa, kuma daga ina?

Wani ɗan'uwa a zaure ya tambaya ko B da C asalinsu ɗaya ne. A'a, malam. Hanta ce kawai ta haɗa su, ko dangi ba su haɗa ba, kuma hanyar bin sawunsu ma daban ce.

B bairos ne mai DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, kuma DNA tana jure zama cikin ƙashi. Masu bincike kan huda haƙorin tsohon ƙwarangwal, su ɗebi garin cikinsa, su tace DNA, su karanta. Ta haka a 2018 aka samo B a ƙasusuwan Jamus masu kimanin shekara 7,000, a 2021 kuma aka kai wajen shekara 10,000. Danginsa na jikin birai da jemagu, har ma da burbushinsa a ƙwayoyin halittar tsuntsaye tun miliyoyin shekaru.

C kuwa bairos ne mai RNA, wani sinadarin gado mai kama da DNA amma mai lalacewa da wuri, don haka ba ya barin shaida a ƙashi. An gano shi ne a 1989. Dole sai a dubi inda ire-irensa suka fi yawa, domin nan ya fi daɗewa: nau'i na 1 da 2 a Afirka ta Yamma, na 4 a Afirka ta Tsakiya, na 3 a yankin Indiya, na 6 a kudu maso gabashin Asiya. Ɗan'uwansa mafi kusa a jikin dawaki yake.

Kada a ɗauki yawan masu cuta a matsayin asali. Masar ta taɓa cika da nau'in 4a na C (wani reshe na nau'i na 4) ne saboda allurar maganin tsargiya da aka yi wa jama'a da sirinjin da ba a tafasa sosai ba, har zuwa shekarun 1980.

Lissafin shekaru daga saurin sauyin bairos shi ne inda ake yawan tuntuɓe. A B yakan ba da shekaru ƙasa da gaskiya: gawar wani yaro daga birnin Naples na Italiya ta ƙarni na 16 ta fito da bairos kusan iri ɗaya da na yau.

Abin da ya shafe mu: nau'in E na B shi ya mamaye Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Nijar, amma bambancin da ke tsakanin samfuransa kaɗan ne, kuma da wuya a same shi a zuriyar bayin da aka kai Haiti. Wannan ya sa ake ganin yaɗuwarsa ta biyo bayan cinikin bayi ne.