Gyambon ciki a kyanwa: wane magani ya dace a saya?

Kyanwar da ke amai da jini, ko kashinta ya yi baƙi wuluk kamar kwalta, kuma dasashinta ya yi fari, mai yiwuwa gyambon ciki ke damunta. Yawanci wata cuta ce ke haifar da shi, kamar ciwon daji a ciki ko ciwon ƙoda, ko kuma maganin rage zafi na mutane irin ibuprofen, diclofenac da aspirin, musamman idan an haɗa su da maganin rage kumburi irin prednisolone. Paracetamol kuwa guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Saboda haka, kafin a leƙa kemis a Sabon Gari ko Tudun Wada, gara a kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a gano tushen ciwon.

Cikin magungunan rage tsamin ciki, omeprazole ne na fi amincewa da shi, domin ya fi sauran ƙarfi. Matsalarsa awo ce: kafson mutane miligiram 20 ne, alhali kyanwa mai kilo uku ko huɗu tana buƙatar kusan miligiram ɗaya ga kowane kilo sau biyu a rana, kuma ba a niƙa ƙwayoyin da ke cikin kafson, don rufinsu ne ke kare su daga tsamin ciki. Likita ne ya kamata ya raba shi, idan kuma ta yi makonni tana shan sa sai a janye a hankali.

Famotidine ya fi sauƙin bayarwa, amma ƙarfinsa na raguwa bayan kwanaki ana sha a jere. Ranitidine an janye shi daga kasuwannin Amurka a 2020 saboda wani sinadari mai haɗari, ba na ba da shawararsa. Sucralfate yana lulluɓe gyambon, sai dai a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da sauran magunguna, a kuma yi hattara idan ƙodar kyanwar ta raunana, saboda akwai aluminiyam a cikinsa.

Madara ba magani ba ce, zawo take sa wa yawancin kyanwoyi. Duk maganin da za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa a jikin kwalin.